Madubin Maƙwabcina da Na Fasa

Ni ne na yi laifi, kuma na daɗe da sanin haka kafin in faɗa.

A shekarun da kuɗin fetur suka shigo, ina dillancin shanu a Daura. Maƙwabcina ta yamma malamin firamare ne. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, abokansa suka sayi babura, shi kuwa ya sayo madubin hangen nesa a Kano, dogo kamar taɓarya, mai ƙafa uku.

Da wani tauraro mai wutsiya ya bayyana, kullum da asuba sai ya hau soronsa ya saita abin gabas. Gabas ɗin nan gidana ne, makewayinmu kuma ba rufi. A unguwarmu, ko yaɓe za ka hau yi sai ka ɗaga murya mata su kintsa. Shi bai taɓa yi ba, wai kada ya tashi masu barci.

Na tare shi a ƙofar masallaci, gaban jama'a.

"Malam, matar wa kake leƙe?"

"Haba maƙwabci! Tauraro nake kallo. Zo gobe ka sa idonka."

"Tauraron a makewayina ya sauka? Boko ya cinye maka kunya."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Washegari na haura ta katanga, na hau soronsa, na fizge madubin na jefar ƙasa, gilashin ya tarwatse. Ina tsaye a soron na duba gidana. Darbejiyarmu ta rufe makewayin ruf, ba a hango komai. Na gani, na sauko, na ci gaba da yaɗa maganar majalisa-majalisa. Iyaye suka hana 'ya'yansu mata shiga ajinsa. Surukinsa ya aiko aka tafi da matarsa. Daga baya ya nemi canjin wurin aiki zuwa garin Babban Mutum.

Sai da shekara ta zagayo na iya zuwa. Na same shi can a ƙofar gidansa. Bai ba ni tabarma ba.

"Me kuma ka zo fasawa?"

Na durƙusa na ce, "Malam, ƙazafi na yi maka. Na hau soronka, na ga ba a hangen gidana, na yi shiru. Jiya na je na faɗa wa surukinka da bakina. Ban cancanci ka yafe mini ba, amma don Allah ka yafe mini."