Mai Hoton Shayarwa

Makon jiya muka yi cacar baki da yarinyar nan ta markaz ɗin lafiya, wato ƙaramin asibitinmu, wai in daina ba jikokina shayi mai sukari cokali uku. Ko sunanta ban tambaya ba.

Yau ga ta kuma a gindin darbejiya, siririya, takalmi duk baƙar laka. Tana ɗaga wa matan da suka taru hoton uwa mai shayarwa, tana cewa kada jinjiri ya jira nono. Sai jan mayafinta na tob take yi tana rufe ƙirji. Ashe nono ne ya jiƙe mata riga. Nata jinjirin ta bari tun safe, wataƙila wajen maƙwabciya.

Na karɓe hoton, na ce, "Ɗiyata, tashi ki je ki shayar da naki. Ni zan ƙarasa musu bayanin."