Tambayoyi Bakwai a Gaban Hajiya

Jama'a, yau a Sandamu ramin da na gina ni na faɗa!

Na tsara wa 'yan aji biyu tambayoyin da za su bi su rubuta insha'i. Ta farko: wa ya taɓa ɓata maka rai?

Suna gamawa sai ga shugabar makarantarmu. Ta ja kujera ta tare ƙofa, ta ce, "Malam, a karanta mana ɗaya."

Na nuna Hauwa'u, gwanar ajin. Ta miƙe ta ce, "Wadda ta ɓata mini rai ita ce Hajiya shugaba."

Innalillahi! Na ce, "Ya isa, zauna!"

Hajiya ta ce, "Ƙyale ta, Malam. Tambayoyin nawa ne?"

Na ce, "Bakwai, ranki ya daɗe."

Ta gyara zama ta ce, "To, mu ji ta biyu."