Tukunyar Kawuna a Rijiyar Arfa

A gindin duwatsun Arfa akwai wata tsohuwar hanyar ruwa da matar wani halifa ta sa aka gina tun zamanin da, don alhazai su samu na sha. Ginin dutse ne, wani wuri a sarari, wani wuri a ƙarƙashin ƙasa. Inda ta nutse, an bar mata bakuna kamar rijiyoyi, ta nan ake shiga a yashe ta. Ruwa ya daɗe da daina bin ta, sai ƙasa da shara.

Na haura arba'in lokacin da na shiga cikin masu aikin sa-kai da ke share ta duk Asabar da safe. Ni haifaffen unguwar Rusaifa ne a Makka, Hausata ta cikin gida ce, a waje Larabci nake yi. Ban da ni, Bahaushe ɗaya ne a cikinmu, wani dattijo magini mutumin Maraɗi da ke aiki da iƙama, wato takardar izinin zama, a unguwar Aziziyya. Ranar hutunsa ɗaya ce a mako, ita yake ba mu. Baba muke ce masa. Shi ne mai shiga rami, don ya fi kowa sanin dutsen da za a taɓa da wanda za a bari.

Wata Asabar shugabanmu, wani injiniya Balarabe, ya kai mu bakin wata rijiya kusa da wata busasshiyar bishiyar ƙaya. Ina ganin wurin na gane shi.

Ina saurayi, kawuna yana dafa wa alhazai abinci a Arfa, ni nake jan motar kaya. Wata shekara, kwana biyu da saukowar alhazai daga Arfa, ya loda mini tarkace ya ce in kai juji: gwangwanaye, buhuna, farantan roba, da wata ƙatuwar tukunya da gindinta ya huje. Jujin da nisa, rana ta take, ga gajiya. Na hangi bakin rijiyar nan babu murfi, babu kowa a wurin. Na ja mota da baya na juye komai a ciki. Ba zan ce ban san mece ce ba. Kakata ta sha faɗa mana cewa ruwanta suka sha da suka iso Makka.

Aka ɗaura wa Baba igiya ya sauka. Mu muna sama muna jan bokiti. Buhuna suka fara fitowa, sun ruɓe, sai gwangwanaye. Can ya yi kira a sako masa igiya ta biyu. Muka ja mu uku, sai ga tukunyar ta leƙo, baƙa ƙirin, amma a kunnenta ga ɗigon jan fenti uku, alamar da kawuna ke yi wa kayansa.

Injiniya ya girgiza kai ya ce, "Wanda ya yi wannan bai ji tsoron Allah ba."

Wani daga cikinmu ya ce, "Ai aikin leburori ne, waɗanda ake kwasowa lokacin Hajji. Ba garinsu ba ne, ina ruwansu?" Yana faɗa yana leƙa ramin da Baba yake ciki.

Abin da na yi shi ne ya fi zubar da sharar muni. Na ɗaga kai na ce, "Wallahi haka ne." Da ƙarfi na faɗa, da Larabcina na ɗan gari, don kada a kalle ni.

Da Baba ya fito, tafin hannunsa yana jini, gwangwani ya yanke shi. Na yi wuf na ce ni zan kai shi asibiti. Aka yi masa ɗinki da allura, na kama hanyar Aziziyya da shi. Ya ɗora hannun a kan cinya. Muna tsaye a danja na ce da Hausa, "Baba, tukunyar nan ta kawuna ce. Ni na zuba kayan nan."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ɗana, shekara nawa ke nan?"

"Sun fi ashirin."

"Wanda ya zuba yaro ne, Allah shi yafe mishi. Amma wanda ya ce wallahi ɗazu, da furfura a gemunsa. Rami na kawo magana, na jiya."

Aka ba mu hannu na kasa tashi, sai da na baya suka dame ni da ham. Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ya yafe, amma hannunsa ba zai riƙe igiya ba sai bayan mako uku, rijiyar kuma ba a kai rabinta ba.

Asabar ta gaba ni aka ɗaura wa igiya. Ina tsoron rami tun ina ƙarami, ban faɗa wa kowa ba. Ciki da duhu da zafi, ga wari. Mako huɗu ina kwasa kafin ƙafata ta taka shimfiɗar dutsen ƙasa. Baba yana zaune a sama da hannu a naɗe, yana faɗa mini inda zan sa ƙafa. Injiniya ya yaba mini a gaban jama'a, ya ce irina ake nema. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Na yi niyyar faɗa musu gaskiya ranar da aka sa wa rijiyar murfi. Na buɗe baki, na ce a miƙo mini ruwa. Baba ya dube ni. Bayan shekara ɗaya iƙamarsa ta ƙare ya koma gida. Har yau ina fita aikin duk Asabar, kuma har yau mutanen nan ba su sani ba.