Motar Abdulghani Ba Ta Cika Ba

Idan ka tambayi Abdulghani inda yake, sai ya ce maka yana Lece, wani gari a kudancin Italiya, yana jiran fasinja. Alhali ga shi a gabanka a unguwar Aziziyya ta Jidda, zaune kan kwalin tumatir, yana fifita da murfin tukunya. Kada ka ɗauka ya taɓu. Lafiyarsa lau, in ban da gwiwa.

A Jidda aka haife shi, a unguwar Sa'alaba. Babansa ya taso daga ƙasar Hausa a bayan manyan motoci, ya yi aikin hajji, ya ce zai ɗan huta kafin ya koma, hutun da ya kai shi har kabari. Shi Abdulghani bai taɓa wuce Ɗa'if ba, don takardunsa na zama ne, ba na tafiya ba. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta rasu, bai sake ba. Tun yana saurayi aikinsa kicin ne, wankin tukwane da yankan albasa a wani gidan abincin Italiya da ke wajen bakin teku.

Kukun gidan wani tsoho ne ɗan yankin Fuliya na kudancin Italiya, mai kewar gida da yawan surutu. Yana murza taliya yana zuba labari, kowane gari da abincinsa da giyarsa. In aka zo kan giya Abdulghani yakan ce a'uzubillahi, amma kunnensa na nan. Ranar da tsohon zai koma gida ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wata rana ka kwaso abokanka, ku faro daga arewa kuna ci, har ku iso Leyuka garinmu, inda ƙasa ta ƙare." Maganar bankwana ce kawai. Abdulghani ya ɗauke ta da gaske.

Sai ya tara abokansa huɗu: Na'ibi, tela ɗan Sudan, da Majid da Bilal da Nasir. Ya ce za a tafi Fuliya, ba biza, ba jirgi. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci za a hallara a ɗakinsa, ɗakin shi ne mota, shi ne direba, abin da ke cikin faranti shi ne garin da aka sauka. Madadin giya kuwa zoɓo, kowane gari da nasa haɗin: wani da citta, wani da kanumfari. Ya kuma kafa doka guda, wadda ya gada daga labaran babansa na tasha: mota ba ta tashi sai kowace kujera da mai ita. In mutum ɗaya bai zo ba, a maimaita garin makon jiya.

Tafiya ta yi daɗi. A garin Bari suka ci wata taliya mai kama da kunnen jariri, Majid ya ce tausayinta yake ji, ya kuma cinye rabon Bilal. Da aka iso Lece, Abdulghani ya ajiye musu dakakken wake da ganye mai ɗaci, ya kwarara man zaitun.

Na'ibi ya leƙa farantin. "Ya shekh, wannan ai ful ne, waken da muke karyawa da shi kullum."

"Ful na Lece."

"Ka ɗauko mu tun daga Jidda, ka tsallaka da mu teku, ka ba mu abin da Bayamane ke sayarwa a ƙofar gidana? Ina kwandasta, a sauke ni."

"Ci ka yi shiru, ya Sudani. Mako mai zuwa Leyuka, miyar kifi. Ranar za ka lashe har gwiwar hannu."

Makon bai zo ba. Aka shafa wa gidajen unguwar jan fenti, aka ce za a rushe, kowa ya kama neman inda zai sa kayansa. Majid ya bi ɗansa Madina. Nasir, da kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya rufe shago, ya koma Kano. Bilal ya samu ɗaki can arewacin gari, inda zuwa wajensa ma wata Italiyar ce. Ya zo sau ɗaya, daga baya sai saƙon murya, daga baya sai hoton hannu yana addu'a. Abdulghani ya kwashi tukwanensa zuwa wani ɗan ɗaki a Aziziyya, wanda in ya miƙe ƙafa sai ya taɓa firiji.

Amma doka doka ce. Duk Alhamis yakan jiƙa wake. Duk Juma'a yakan shimfiɗa ledar cin abinci, ya jera kofuna biyar, ya bar ƙofa a buɗe duk da sanyin na'ura na zurarewa waje. Na'ibi kaɗai ke zuwa, ya cire takalmi yana cewa, "Direba, har yanzu muna Lece? Mutanen garin nan ai sun kusa ba mu iƙama, katin zama." Su ci, su yi gardamar ƙwallo, ya tafi. Ranar da ɗinki ya riƙe shi, Abdulghani yakan zauna da farantin har la'asar, yana jin takun masu hawa bene suna wuce ƙofarsa.

Wata Juma'a Na'ibi ya ci bai yi tsiya ba. Da ya wanke hannu ya ce, "Ya akhi, idona ya daina ganin kafar allura. Yarana sun ce in same su a Fot Sudan. An buga mini bizar fita, wadda ba dawowa."

Abdulghani ya shiga tattara kofuna.

"Juma'a ɗaya ta rage mini. Shi ke nan, ka tada motar nan. Majid ba zai zo ba, Nasir ba zai zo ba, kai ma ka sani. Ka kai ni Leyuka in ga ƙarshen ƙasar."

"Insha Allah," in ji Abdulghani.

Ranar Alhamis ya tafi kasuwar kifi da kansa, da gwiwar tasa. Ya ɗaga kunnen wannan, ya latsa cikin wancan, ya zaɓo mai kyau, ya haɗo da jatan lande. Da safe ya soya tafarnuwa da tumatir yadda tsohon ya koya masa, ƙamshi ya cika bene har maƙwabciyarsa Mastura ta leƙo tana tambaya ko baƙi ya yi. Ya ɗanɗana miyar. Ta yi yadda ake so. Ya daɗe tsaye da cokali a hannu yana kallon kofunan nan, yana tunanin abin da zai jiƙa Alhamis mai zuwa in an riga an isa.

Na'ibi ya shigo da sabuwar jallabiya, yana shaƙar iska. "Yalla, direba, ina jin ƙamshin teku."

Abdulghani ya ajiye faranti. Wake ne da ganye.

"Kifin fa?"

"Na miƙa wa Mastura, yaranta na so."

"Kai dai mugun direba ne, wallahi."

"Mota ba ta cika ba. Kujerarka na nan, ta jikin taga. In ka dawo mu ƙarasa."

Na'ibi ya dube shi. Ya naɗe hannun riga ya gutsuri burodi. "To zuba man da yawa," ya ce. "Kuma zoɓon nan citta ta yi kaɗan."

Har yau in ka bi ta benen ranar Juma'a za ka tarar da ƙofar a buɗe. In ka yi sallama zai ba ka wake, ya ba ka zoɓo a kofin roba, ya ba ka labarin Leyuka kamar can aka yanke cibiyarsa. Sai dai kada ka zauna ta jikin taga, zai tashe ka.