Tumatirin Inusa Masunci

Inusa taubashina ne, saboda haka in kun ji ina zolayarsa kada ku ce rashin kunya ne, haƙƙina nake ci. Masunci ne ɗan masunci, a tabkunan bayan Tibiri ya girma. Da tabkunan suka koma ƙafewa tun sanyi bai fita ba, ya kwaso iyalinsa ya dawo Jiratawa. Alhaji Maman Lawali, kawun matarsa, ya ba shi aron fili a bakin kanal, wato magudanar ban ruwa, jikin nawa filin. Sharaɗin ɗaya ne: rani guda. In abu ya yi, ya ci gaba da noma wurin. In bai yi ba, akwai masu jira.

Tumatir ya shuka. Wallahi mutumin nan ba rago ba ne, kafin in iso da safe ya gama ban ruwa. Tumatir ya yi kyau, ya yi fure, ya ɗauki 'ya'ya, nauyi ya kwantar da shi ƙasa. Inusa ya ƙara ruwa. Bai tashi ba, ya sake ƙarawa. Ran da na leƙa, na tarar da fili ya zama fadama, har kwaɗi sun samu gida.

Na ce, "Kai Inusa, kifi za ka zuba a nan?"

Ya ce, "Ba ka gani sun kwanta? Bado in ka ciro shi daga tabki laƙwas yake yi kamar igiya, ka mai da shi ruwa ya miƙe. Ruwa ne bai ishe su ba."

Dariya ta kusa kada ni cikin kanal, amma da na ga idonsa sai tausayi ya kama ni. Ai bai yi ƙarya duka ba, ganyen da rana ta sa ya yi yaushi ruwa ke miƙar da shi. Na ce masa shi bado jikinsa duk kafofin iska ne, ruwa ke ɗauke da shi, ba ya bukatar ƙarfin kansa. A tudu kuwa ba mai ɗaukarka. Dawa da kararta take tsaye, gawo da itacensa. Tumatir ba shi da ƙashin kirki, in ya yi nauyi sai an kafa masa kara an ɗaure.

Muka yashe ruwan. Rabin filin saiwa ta riga ta ruɓe, ba yadda za a yi. Na ba shi karan dawa daga tsohon dannina, amma igiya ta gagara, ni ma tawa ta ƙare. Washegari na same shi zaune da wuƙa, yana yanka tarun kamun kifin da ya gada wurin babansa, tsinke-tsinke. Ban yi masa tsiya ba ranar.

Da rani ya yi nisa Alhaji ya zo daga Maraɗi, ɗan kabu-kabu ya sauke shi a bakin kanal. Ya dubi rabin da ya mutu, ya daɗe yana dubawa. Inusa na tsaye, zufa har gemu. Sannan Alhaji ya taka zuwa ɗaya rabin, inda tumatir ke tsaye ja wur, ya duƙa ya taɓa ɗaurin.

"Wannan ba taru ba ne?"

"Shi ne, Baba."

Alhaji ya tsinki tumatir ɗaya, ya goge a hannun riga, ya sa aljihu. Ya ce, "Baɗi ka kafa karan tun kafin su yi fure."

Ni na yi wa Alhaji godiyar a madadin Inusa.