Ɗauko Inna Daga Ruwan Bago a Jar Kujera

Karaye

Ana sallame sallar asuba na fito daga masallaci da sassarfa, takalmina ma sai a ƙofar gida na lura ɗaya nawa ne ɗaya na liman. Ba laifina ba ne. Shekaranjiya matata Rabi ta haifa mini tagwaye, mace da namiji, tun daga lokacin kuwa ƙafata ba ta taka ƙasa sosai. An yanke shawara in je Ruwan Bago ta ƙasar Rogo in ɗauko Inna Hajara, yayar mahaifiyar Rabi, don ta zauna mata wankan jego.

Motata tsohuwar Golf ce, amma a makon nan ta zama amarya. Na samo wasu jajayen kujeru biyu na motar tsere a kasuwar kayan gyara a Kano, masu zurfi kamar akushi, gefe da gefensu a tashe, in ka zauna sai su rungume ka. Abokina Sale makanike ya cire na gaba ya ɗaura su.

Na tada mota ke nan sai ga Sale a kan babur, ya gitta mini.

"Angon ƙarni, ina za ka?"

"Rogo! Kauce!"

"Ba inda za ka. Makullin bel na kujerar fasinja yana jikin tsohuwar kujerar, jiya na gan shi a gareji. Da me za ka ɗaure baƙuwar taka?"

Na ce ai kujerar da kanta riƙe mutum take yi. Ya ce daga gefe take riƙewa, in aka taka birki ta gaba mutum zai fita. Ya durƙusa da spana ya ɗaure makullin da babban noti, ya sa ƙafa ya ja bel ɗin da ƙarfinsa, ya girgiza kujerar. Ni kuwa ina ta zagaya mota ina waƙa. Gari ya fara wayewa muka yi sallama.

Hanyar Rogo

Damina ta ja baya, dawa ta yi kai a gonaki hagu da dama. Duk wanda na wuce sai na danna masa hon, har shanu. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo, ya dubi kujerun, ya dube ni.

"Ranka ya daɗe, jirgin sama ne?"

"Tagwaye aka haifa mini!"

Bai ga haɗin ba, amma ya yi dariya ya ce Allah ya raya, ya ɗaga mini hannu.

A Rogo Sabon Gari na tsaya wurin mai shayi, na sha da burodi da wainar ƙwai. Kafin in gama, mutanen teburin duk sun san labarina, kuma sun bi layi suna ɗana kujerar. Wani dattijo mai sayar da gyaɗa ya zauna ya lumshe ido, ya ce a bar shi a nan har azahar.

Ruwan Bago

Daga nan na sauka kwalta na kama burji. Da hantsi na isa. Na cire takalmi na tsuguna daga bakin zaure, muka gaisa da Inna kaina a ƙasa, ta tambayi mai jego, ta tambayi baƙi, ta tambayi kowa na Karaye.

Sai aka fara fito da kaya. Buhun gero, gyaɗa, kanwa, babbar tukunyar dafa ruwan wanka, daddawa, kaji huɗu a kwando. But ɗin motar ya cika, kujerar baya ta cika har rufi. Wuri bai rage wa Inna ba sai gaba.

Inna mace ce mai jiki, tubarkalla. Ta juya ta zauna, sai kujerar ta haɗiye ta, gwiwoyinta suka yi sama.

"La ilaha illallahu! Wannan kujera ce ko turmi?"

Matan gidan suka fashe da dariya. Ni na ciji leɓe, don ba a dariya gaban suruka. Na dubi sitiyari na ce a hankali, "Inna, da za a sa bel."

"A sa me?"

"Igiyar nan ta gefenki."

"Ni tunkiya ce? Na je Kano, na je Zariya, ba wanda ya taɓa ɗaure ni. Mu tafi, Malam Kabiru, yarinya na jira."

Nan fa na shiga uku. Ba zan miƙa hannu in ratsa jikin surukata ba, ba zan yi mata musu ba, kuma zuciyata ta ƙi in tada motar. Na zare makulli na ɗora a cinya, na ci gaba da kallon sitiyari. Kaji na ta kuka a baya.

"Motar ta lalace ne?"

"A'a, Inna. Ki yi mini afuwa. Rabi na jiran ki, ina so in kai mata ke lafiya."

Ta dube ni ta gefen mayafi, ta daɗe. Sannan ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira: "Talatu, zo ki ɗaure ni, surukina ya yi yaji." Ina faɗa daga nesa, Talatu na yi: a bi ta kafaɗa, a bi ta ƙugu, a cusa har ya ce ƙas.

Komowa

Mun wuce Rogo, mun hau kwalta, Inna ta saki jiki tana ba ni labarin ƙuruciyar Rabi. Ina cikin dariya sai amalanken shanu ya fito daga cikin dawa, ya shigo titi gaba ɗaya. Na taka birki da duk ƙarfina. Taya ta yi ƙara, tukunya ta daki bayan kujerata, kwando ya buɗe, kaji suka tashi a cikin mota. Muka tsaya, hancin motar saura taku ɗaya ya taɓa ƙafar amalanken.

Na juya. Inna na nan daram a kujerarta, goshinta bai kai ko kusa da gilashi ba, hannunta a kan bel ɗin, ga kaza a cinyarta. Na yi maza na tambaye ta:

"Inna, kin ji ciwo?"

Ta yi salati, ta murza kafaɗa. Ta dubi gilashin, ta dubi kazar. Sai ta tuntsire da dariya har da hawaye, ni ma na manta da surukuta na taya ta. Mai amalanke ya zo yana ba da haƙuri, ya same mu muna ƙyaƙyatawa, ya tsaya sororo. Shi ya taya ni kama kajin.

Gida

Kafin azahar muka shigo Karaye. Ina tsayawa Inna ta jiyo kukan jarirai daga cikin gida, ta yunƙura, kujera ta ce ba ta san zance ba. Yayata da ta fito tarbar mu ta danna makullin bel ɗin, mata biyu suka kama hannuwanta, suka ciro ta ana guɗa.

Daga tsakar gida na jiyo ta a ɗakin Rabi, an ɗora mata yaran biyu a cinya, tana cewa, "Mijin nan naki taurin kai gare shi. Allah ya ƙara masa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Sale da Talatu, na kuma gode wa liman, wanda ya yi azahar da takalmina bai ce komai ba.