Mai Jan Addu'ar Matattu

A ƙauyenmu na Kuttanad, idan aka yi rasuwa, kafin ma a kira Fada, limamin cocinmu, Plamena ake nema. Ita ke jan addu'ar matattu, ita ke dafa shinkafar sadakar arba'in. Mu 'yan Katolika a gida muka tarar da imanin cewa mamaci yakan tsaya a wurin tsarkakewa kafin ya shiga Aljanna, kuma addu'ar masu rai ce ke rage masa jira. Plamena ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma wannan ta riƙe shi gam. Ko mashayin da ya ishi kowa ne ya mutu, sai ta tura kwalekwalenta ta nufi gidan.

"Har da wannan, Yaya?" nakan ce mata, don matar wana ce.

"Shi ya fi buƙata, uwar surutu. Riƙe min tukunya."

Da ragowar tukwanen nan ta raini ɗanta tilo, Devassy. Ya tafi aiki ƙasar Larabawa, ya dawo ɗan cocin Fentikos, da farar riga da Littafi Mai Tsarki a hammata.

"Inna, nuna min ayar da ta ce a yi wa matacce addu'a."

"Kai ma ba a rubuta sunanka a ciki ba, ga ka nan kana cinye min kifi."

Da ciwo ya kwantar da ita, a gabana ta kama hannunsa. "Ranar arba'in ɗina ka buɗe wa mata masu addu'a ƙofa. Kada ka bar ni can ina jira."

"Na yi alkawari, Inna." Da kunnena na ji.

Ta rasu. Ranar arba'in ɗin muka iso, mu mata, da shinkafa da kwakwa da kyandirori. Muka same shi tsaye a bakin ƙofa ya tare hanya.

"Goggo, ku koma. Ba a rubuce yake ba."

"Alkawarin fa, ɗan nema?"

"Don ta cika hankali kwance na faɗa."

Har yau ban yafe masa ba, ba na kuma jin zan yafe. Matar da ba ta taɓa barin gawar baƙo ba addu'a, ɗan cikinta ya hana ta.

Muka durƙusa a bakin ruwa, bayan dangarsa, muka kunna kyandirori, muka ciro carbi. Sai kowace tana kallon 'yar'uwarta. Duk tsawon shekarun nan amsawa kawai muke yi, ba wadda ta san ta inda ake farawa.